Minti Goma Sha Ɗaya

Kawu Sallau mai gyaran fanka ne a Dilimi.
Shekara talatin yatsunsa na warin ƙonanniyar waya.
Abin da ya mutu a ɗakin wani
a bencinsa yake farfaɗowa.
Shi ya sa daren da ya ce ya gano
yadda wilin keke zai yi ta juyi har tashin duniya,
ba mai, ba batir, ba roƙon 'yan NEPA,
ban yi dariya ba.
Ni ma na riƙe masa tocila.

Maganaɗisu goma sha biyu ya ɓanɓaro daga matattun lasifikoki,
wannan ya tura, wancan ya fizga,
na gaba ya karɓa ya miƙa.
Littafi mai warƙa sittin ya cika da zane da kibau,
a bangonsa da jan biro: SIRRIN DA AKA ƁOYE.

Ranar Talata muka yi shatar keke zuwa Naraguta,
wilin na kan cinyarsa cikin tsohon bargo
kamar jaririn da za a kai awo.

Dakta Chundung ta ba shi kujera, ta karanta har shafi na tara.
Ta ce, Baba, tambaya ɗaya kafin mu fara:
me za ka gani yau ka ce ka yi kuskure?
Ya ce, babu.
Ta ajiye biro a hankali.
Ta ce, ɗan damben da ba a taɓa kayarwa ba
a tambaya ko ya taɓa shiga fage.

Ya wulwula. Ta danna agogo.
Wilin ya yi ta raɗa, ya yi ta raɗa,
ya soma jan ƙafa kamar mai dawowa daga gona,
ya yi gaba, ya waiwayo,
ya tsaya.
Minti goma sha ɗaya.

Sanyin Jos ne, in ji Kawu, ya daskarar da giris.
Aka kai shi rana. Sha ɗaya da rabi.
Ƙarfen teburin nan ne ke jansa.
Aka sauke kan katako.
Idon mutane ya yi yawa.
Ɗalibai suka fita.
Kowace faɗuwa da zanen da ake ɗinka mata.

Sai ta roƙi izini ta cire maganaɗisun duka,
ta ce ya wulwula da hannun da ya wulwula ɗazu.
Tsiraran wili, ba sirri ko ɗaya,
ya yi minti goma sha huɗu.

Ba wanda ya yi tari.

Ta ce, ka ji kukan boris? Ka ji iska a kumatunka?
Ƙarfin damtsenka ke nan yake zurarewa.
Duniya adashi ce, Baba,
ba a kwasar abin da ba a zuba ba.
Wanda ya gangaro da keke daga Tudun Wada yana fito,
gumi na jiransa a hanyar komawa.

Kawu na naɗe bargo sai ya ɗaga kai.
Fankar ofishin na nishi, tana juyi kamar an tilasta mata.
Kafasito ne, ya ce.
Ta ce, ta yaya ka sani?
Ya ce, ban sani ba tukun. A sa sabo a gani.
In ba ta tashi ba, to ba shi ba ne.
Ya hau tebur, ya zaro ɗaya daga aljihu.
Takardu suka tashi sama.

Ta dube shi. Bai dube ta ba.

A hanya ya ce hassadar 'yan boko ce,
ai an sha yi wa masu gaskiya dariya.
Na so in ce ba wanda ya yi maka dariya, Kawu,
agogo ne kawai.
Na haɗiye, na biya mai keke.

Har yanzu in dare ya raba
ina jin raɗar wilin ta bayan katanga.
Sai dai shekaranjiya ya aiko yaro
wai in ara masa agogona.